Sanin Ma'ana Dabam, Sanin Muhalli Dabam: Salon Maganar Turanci a Bakinmu

A kowane harshe akwai maganganun da ba a gane su ta hanyar tsinka kalmominsu ɗaya bayan ɗaya. Idan Bahaushe ya ce wane yana da dogon hannu, ba wanda zai ɗauko tef ya auna hannun, domin kowa ya san sata ake nufi, haka kuma idan aka ce yarinya tana da farin jini ba wanda zai yi zancen asibiti. Turanci ma cike yake da irin waɗannan, Turawa suna kiran su "idioms", mu kuma muna sanya su cikin salon magana. Abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke koyon su a nan shi ne, mun mayar da hankali kacokan a kan ma'ana, alhali ma'anar ita ce ɓangare mafi sauƙi. Abin da yake da wuya, wanda kuma shi ne yake ɗaga mutum ko ya kunyata shi a gaban jama'a, shi ne sanin inda ake faɗin maganar, da wanda ake faɗa wa, da kuma siffar da ba a yarda a taɓa ta ba.

Zariya garin karatu ce, kuma Turanci ba baƙo ba ne a cikinta. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, da harabarta ta Samaru da ta Kongo, ga Kwalejin Barewa da Alhudahuda, ga Jami'ar Ilimi ta Tarayya, wadda a dā kwaleji ce, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ban da makarantun lesin da suka cika Tudun Wada da Sabon Gari, waɗanda kasuwarsu take buɗewa da zarar lokacin jarrabawa ya ƙarato. A yawancin waɗannan ajujuwan lesin hanya ɗaya ake bi: a rubuta salon magana a gefen hagu na allo, a rubuta ma'anarsa a gefen dama, yara su kwafa su haddace. Ba na ganin laifin malaman sosai, domin abin da jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suke tambaya ke nan. Ana ba ɗalibi jimla mai ɗauke da salon magana, a jera masa fassarori, a ce ya zaɓi wadda ta fi dacewa. Wanda ya haddace zai ci makinsa. Sai dai jarrabawar ba ta tambayarsa ko zai iya faɗin wannan maganar a gaban surukinsa, ko a cikin takardar neman aiki, kuma a nan ne ake yin tuntuɓe.

Misalin da ya fi fito da wannan matsala fili shi ne "kick the bucket". A takardun haddar da ake sayarwa, ma'anar da ake rubutawa a gabansa kalma ɗaya ce, wato mutuwa, kuma ba ƙarya aka yi ba. Na taɓa ba wa 'yan ajin ƙarshe aikin rubuta wasiƙar ta'aziyya ga abokin da ya yi rashin mahaifi, sai wani yaro mai ƙoƙari, wanda rubutunsa ya fi na kowa tsabta, ya buɗe wasiƙarsa da cewa ya yi baƙin cikin jin mahaifin abokin nasa "has kicked the bucket". Da na ja layi a ƙarƙashin jimlar da jan biro, ya biyo ni har ofis da takardar haddarsa a hannu, ya ce, "Malam, ai ga shi nan an rubuta ma'anarsa mutuwa ce." Na ce masa, "Idan ka je gaisuwa, ka tarar da dattawa a zaure ana ta addu'a, za ka durƙusa ka ce ka samu labari tsoho ya sheƙa barzahu?" Ya rufe baki da hannu ya ce, "Subhanallahi, Malam, ai sai a kore ni." Na ce to abin da ya rubuta da Turanci ke nan. Mu muna da "ya rasu", da "ya riga mu gidan gaskiya", da "Allah ya yi masa cikawa", da "ya kwanta dama", sannan can ƙasa muna da "ya sheƙa", kuma ba Bahaushen da yake rikita su. Bature ma haka yake da nasa matakan. A wajen ta'aziyya "passed away" yake cewa, ya ƙara da "I am sorry for your loss", shi kuwa zancen shurin bokiti ya bar shi ga raha da shaƙiyanci, ko ga wanda yake yi wa kansa ba'a.

Da yawa daga cikin salon maganar da aka fi koya wa yara na hira ne tsakanin tsara. "A piece of cake" abu ne mai sauƙi ƙwarai, irin wanda za mu ce kamar shan ruwa. "Spill the beans" shi ne fasa ƙwai, wato tona abin da ake ɓoyewa. "Pull someone's leg" zolaya ce, ba ta da alaƙa da jan ƙafa ko yi wa wani zagon ƙasa, ko da yake na sha jin ana amfani da ita da wannan ma'anar ta biyu, wadda ba ita ba ce. "Cost an arm and a leg" shi ne ɗan karen tsada. "Under the weather" kuwa rashin jin daɗin jiki ne marar tsanani, kamar mura ko kasala, saboda haka ba a faɗinsa a kan wanda yake kwance rai a hannun Allah a asibitin Shika. Duk waɗannan suna da daɗi a baki idan ana hira a shagon mai shayi ko a saƙon waya, amma ba su da gurbi a rahoton ofis ko a kundin digiri. Shi kuwa "raining cats and dogs", wanda kusan kowane ɗan sakandare a ƙasar nan ya sani, tsohon yayi ne a wurin masu harshen. Za su gane shi, amma a hirar yau da kullum sun fi cewa "it's pouring". Namu na ruwa kamar da bakin ƙwarya ya fi shi rai nesa ba kusa ba, domin har gobe ana faɗinsa a kowace damina.

Sanin tushen magana yakan taimaka wajen riƙe ma'anarta, kuma wani babban kaso na salon maganar Turanci daga Baibul ya fito, musamman ta hanyar fassarar Ingilishi da aka buga a 1611 a zamanin Sarki James. Wanda na fi son bayyana wa ɗalibai shi ne "at the eleventh hour", wato a ƙurarren lokaci. Yawancinsu suna ɗauka ƙarfe goma sha ɗaya na dare ake nufi, saura sa'a guda rana ta ƙare, kuma wannan zaton ba ya ɓata ma'ana, sai dai ba shi ne asalin ba. Maganar ta fito ne daga wani misali a Linjilar Matiyu, sura ta 20, inda mai gonar inabi ya fita ɗaukar 'yan ƙwadago tun da sassafe, ya riƙa komawa yana ƙaro wasu, har ya ɗauki na ƙarshe a sa'a ta goma sha ɗaya. A lissafin mutanen wancan zamani ana fara ƙirga sa'o'in yini ne daga fitowar rana, saboda haka sa'a ta goma sha ɗaya ta kama wajen ƙarfe biyar na yamma, bayan la'asar sakaliya, lokacin da ya rage sa'a ɗaya a tashi daga aiki. Duk wanda ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago a gona ya san ma'anar a kawo maka ma'aikaci a wannan lokaci. Daga littafin Ayuba aka samo "by the skin of my teeth", wato sha da ƙyar. Daga littafin Daniyel aka samo "the writing on the wall", labarin rubutun da ya bayyana a bangon fadar sarkin Babila yana sanar da faɗuwar mulkinsa, shi ya sa ba a amfani da wannan magana sai ga alamar mummunan ƙarshe. Ba daidai ba ne mutum ya ce ya ga "the writing on the wall" cewa zai ci zaɓe. Wanda zai faɗi ne yake ganin rubutun. Waɗannan da suka fito daga littattafan addini da na tarihi sun fi na hira nauyi, kuma suna shiga sharhin jarida da jawabin taro ba tare da sun zubar da girman mai magana ba.

"The lion's share", wato kason zaki, daga tatsuniyoyin Girkawan dā ya fito, kuma 'yan jaridarmu sun daɗe da sama masa abokin tafiya, wato kaso mafi tsoka, ko da yake a wasu ruwayoyin tatsuniyar zakin bai bar wa abokan farautarsa komai ba. Damben Turawa ya ba da "throw in the towel", domin idan ɗan dambe ya jigata mai horar da shi yakan jefa tawul cikin fili alamar an sallama, ya kuma ba da "below the belt", wato naushi a ƙasan ɗamara wanda doka ta hana, da ake faɗa idan wani ya soki abokin gardamarsa ta inda bai kamata ba, kamar ya jawo iyalinsa cikin zancen siyasa. "Red tape" ya samo asali daga jan zaren da ake ɗaure takardun hukuma da shi a Ingila, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur yana neman sa hannu ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Turawan Ingila mutanen teku ne, kuma jirgin ruwa ya bar musu gado mai yawa a harshe. "Learn the ropes" koyon makamar aiki ne, daga igiyoyin jirgin da sabon matuƙi yake fara laƙanta. "In the same boat" shi ne halin da ya haɗa mutane, musamman na wahala. Sai kuma "all hands on deck", kiran da ake yi wa dukkan ma'aikatan jirgi su fito sarari idan hadari ya taso. Wannan na ƙarshe ya sha wuya a hannun masu jawabi a ƙasar nan, har ya zama da wuya a yi taron ƙaddamar da wani shiri, ko na rigakafi ne ko na gyaran kwata, ba a ji "all hands must be on deck" ba. Maganar ba kuskure ba ce, amma ta gaji, kuma duk salon da aka maimaita har kunne ya daina jin sa ya rasa amfanin da aka ƙirƙire shi dominsa. Abin ban takaici shi ne, wanda ya karanta wannan a takardar jawabinsa, idan ya sauko ya juya Hausa ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, nan take za ka ga mutane sun gyaɗa kai.

"White elephant" ma ya zama ɗan gida a jaridunmu, ana kiran duk wani katafaren aikin gwamnati da ya ci kuɗi bai amfani kowa ba da wannan suna. Asalinsa daga ƙasar Siyam ne, wadda yanzu ake kira Tailan, inda farar giwa take da alfarma har ba a sa ta aiki. Ana ba da labarin cewa idan sarki yana so ya karya bafaden da ya ɓata masa rai sai ya yi masa kyautar irin wannan giwa, ga ciyarwa mai tsada, ga shi ba damar sayarwa ko yankawa. Ya kamata a lura cewa ba ɗaya yake da aikin baban giwa na Hausa ba, duk da giwar da ta haɗa su. Namu wahala ce da aka sha a banza, nasu kuwa kadara ce da take nan tsaye tana ci gaba da cin kuɗi. "Once in a blue moon" abu ne da ba ya faruwa sai jefi-jefi. A yau ana kiran cikar wata ta biyu a cikin wata ɗaya na kalandar Turawa da wannan suna, abin da yake aukuwa sau ɗaya a shekara biyu zuwa uku, kamar yadda aka gani a ƙarshen Agustan 2023, ko da yake salon maganar ya girmi wannan bayani. A lissafin Hijira hakan ba zai taɓa yiwuwa ba, tun da kowane wata da fitowar jinjirinsa yake farawa, cikarsa kuma ɗaya ce. Akwai kuma "carry coals to Newcastle", wato kai wa mutane abin da suka fi kowa shi, domin garin Newcastle ya shahara da haƙar kwal da fitar da shi. A nan sai mu ce kamar mutum ya ɗauki rake ya kai Maƙarfi.

Akwai wani rukuni da ma'anarsa ba ta da aibi a wurin masu harshen, amma yana karo da tarbiyyarmu. 'Yan wasan kwaikwayo a Ingila da Amurka suna ce wa wanda zai hau dandamali "break a leg", wato Allah ya ba da sa'a, saboda camfin da suke da shi cewa yi wa ɗan wasa fatan alheri kai tsaye yana jawo akasi. Ɗaliban wasan kwaikwayo a Samaru za su iya faɗa wa junansu haka su yi dariya, amma mu mutane ne da muke tsoron baki, kuma yaron da ya ce wa yayarsa ta karya ƙafa a ranar da za ta shiga jarrabawa zai sha faɗa wurin uwarsu ko da ya kawo ƙamus ya nuna. "Touch wood" da "keep your fingers crossed" su ma camfi ne na neman tsari da fatan nasara, kuma a inda Bature zai faɗe su mu "Allah ya kiyaye" da "in sha Allahu" muke cewa, ko da Turanci muke magana, ba kuma wanda ya taɓa rasa gane mu saboda haka. Sai batun kare. A Turanci kare abokin zama ne, shi ya sa "top dog" yabo ne ga wanda ya fi kowa ƙarfi a wuri, "lucky dog" kuma taya murna ce cikin raha. A Hausa kuwa kowa ya san matsayin wanda aka kira kare. Ban ga dalilin da zai sa ma'aikaci ya kira shugabansa Bahaushe "top dog" a gabansa ba, komai kyawun niyyarsa. Amma "let sleeping dogs lie" ba shi da wannan matsala, domin ba wanda aka kira kare a cikinsa, kuma daidai yake da namu na a bar kaza cikin gashinta.

Bayan muhalli sai siffa. Salon magana ƙulli ne da aka riga aka ƙulla, abin da kawai ake iya canzawa a cikinsa shi ne lokacin aikatau da wakilin suna. Za a iya cewa "he spilled the beans" ko "don't spill the beans", amma ba a mayar da waken ƙwaya ɗaya, ba a kuma musanya shi da gyaɗa. Haka abin yake a Hausa: ana cin amana, ba a tauna ta, ana shan kashi, ba a kurɓarsa, kuma duk wanda ya ce jini fari a maimakon farin jini ya nuna kansa baƙo ne a harshen. Ƙananan kalmomi irin su "a" da "the" da "off" su ne suka fi suɓuce mana ko su shigo inda ba gurbinsu, domin Hausa ba ta aiki da su yadda Turanci yake yi. Shi ya sa ake yawan jin "bite more than you can chew" a maimakon "bite off more than you can chew", da "last but not the least" a maimakon "last but not least", da "birds of the same feather" a maimakon "birds of a feather", wanda yake nufin sai hali ya zo ɗaya ake abota.

A nan ne magana take ɗan rikicewa, domin wasu daga cikin waɗannan sauye-sauye sun daɗe a Nijeriya har sun zama namu. Kusan kowa a ƙasar nan "more grease to your elbow" yake cewa idan zai yaba wa mai ƙoƙari, alhali a Ingila "more power to your elbow" ake cewa. Ga alama an gauraya shi ne da "elbow grease", wanda yake nufin aikin ƙarfi kamar goge-goge. Muna cewa "cut your coat according to your size", su kuwa "according to your cloth" suke cewa, kuma a nan nasu ya fi ma'ana, domin kowane tela a Sabon Gari ya san cewa yawan yadin da aka kawo ne yake yanke hukunci, ba girman mai riga ba, wato daidai ruwa daidai tsaki. Muna cewa "half bread is better than none", su suna cewa "half a loaf", mu kuma a gida muna da namu, da babu gara ba daɗi. Amma ba kullum ne mu muke a baya ba. Ana yawan gyara wa 'yan Nijeriya "you can't eat your cake and have it", a ce daidai shi ne "have your cake and eat it". Gaskiya ne wannan na biyu shi ne ya fi yawa a bakin masu harshen a yau, sai dai a wani tarin karin maganar Ingilishi da aka buga tun 1546 ci ne ya zo kafin riƙewa, kamar yadda muke faɗa, kuma hankali ma ya fi karɓar hakan, tun da abin da ba zai yiwu ba shi ne ka cinye abu sannan ya kasance yana hannunka. Taura biyu dai ba ta taunuwa, ko ta wace fuska aka juya jimlar.

A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "Kannywood", da "next tomorrow" wato jibi, da "rub minds" wato tattaunawa don haɗa shawara, da "eat money" wanda duk Bahaushe zai gane cin kuɗi ne, da kuma "put to bed" da ma'anar haihuwa. Wannan ya faranta wa mutane da yawa rai, ni ma ina cikinsu, domin ya tabbatar da cewa Turancin da muke yi wani reshe ne mai zaman kansa. Amma shiga ƙamus ba ya nufin kowa a duniya zai gane. Idan ka rubuta wa Baturen Ingila cewa matarka "has put to bed", abin da zai fara zuwa ransa shi ne ta kwantar da yaro barci, idan kuma tsohon ɗan jarida ne zai tuna da kammala shirya jarida a miƙa ta ga injin ɗab'i, domin da wannan ma'anar suke amfani da shi. Haka nan "I am coming" da muke faɗa muna juya baya muna tafiya, wanda ina zuwa ce ta Hausa aka sanya wa rigar Turanci. Bature zai tsaya yana kallonka yana mamakin ta ina za ka zo. Matsayina a kan wannan shi ne, ba na ja wa ɗalibi jan layi idan ya faɗi irin waɗannan a hira, amma ina nuna masa siffar da masu gyaran jarrabawa da mutanen waje suke sa ran gani, domin ya riƙe duka biyun ya san inda kowace take aiki.

Su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba. Ingila tana cewa "a storm in a teacup" ga ƙaramar magana da aka kambama, Amurka tana cewa "a tempest in a teapot". Ingila ta fi sabawa da "beat about the bush" ga mai kewaye-kewaye, Amurka kuma "beat around the bush". Waɗannan ba su da haɗari. Wanda yake da haɗari shi ne "table a motion", domin a majalisar Ingila, da tamu da ta gaji salonta a wannan, ma'anarsa a gabatar da ƙudiri don a tattauna, a Amurka kuwa ma'anarsa a jingine shi. Yaranmu suna karanta Turancin Ingila a aji, suna kallon na Amurka a waya, saboda haka dole a riƙa nuna musu irin wannan saɓani.

Wurin da na ga ana koyon salon maganar Turanci yadda ya kamata, abin mamaki, shi ne gidan kallon ƙwallo. Ka shiga ɗaya daga cikin na Tudun Wada ranar Asabar da yamma, ka zauna a benci cikin zafin kwano da ƙarar janareta, za ka ji yaron da bai gama sakandare ba yana cewa ƙungiyar can ta yi "park the bus", kuma ba zai taɓa faɗinsa a inda bai dace ba. Ya san ana faɗinsa ne idan ƙungiya ta tattara 'yan wasanta a gaban raga ta ƙi fitowa, ya san akwai ɗan zargi a cikinsa, wataƙila ma ya san José Mourinho, mai horar da Chelsea a lokacin, ne ya yaɗa shi a Ingila a 2004, bayan wasan da Chelsea ta tashi canjaras da Tottenham ba ci. Haka ya san "clean sheet" da "underdog" da "against the run of play". Ba wanda ya rubuta masa su a allo. Ya ji su ne daga bakin mai sharhi a daidai lokacin da abin yake faruwa a gaban idonsa, sau da yawa, har maganar da muhallinta suka shiga kansa tare.

Wannan ne ya sa na canza yadda nake sa ɗalibai su tara salon magana. A maimakon layi biyu na magana da ma'ana, ina sa su rubuta cikakkiyar jimlar da suka tsinci maganar a ciki, ko a jarida ko a rediyo ko a fim, sannan su rubuta wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da halin da ake ciki, fushi ne ko raha ko jawabi. Ina kuma nuna musu ƙananan alamomin da ƙamus na masu koyo yake sanyawa a gaban magana, waɗanda yawancinsu suke tsallakewa: "informal" ga ta hira, "old-fashioned" ga wadda ta tsufa, "humorous" ga ta raha, "offensive" ga wadda take iya zama zagi, da alamar da take nuna ta Ingila ce ko ta Amurka. Waɗannan ƙamusoshi suna nan kyauta a intanet, kuma duba magana ɗaya ba ya cin datar kirki. Idan kuma aka zo rubuta takardar neman aiki ko wasiƙa zuwa ga shugaban sashe, ina gaya musu su cire duk salon maganar da ba su taɓa ganin wani ya yi amfani da shi a irin wannan takarda ba, su rubuta abin da suke nufi da kalmomi na kai tsaye.